Kundin aiki: nauyin da mazan jiya suka ɗauka a Yaƙin Bama

5 ga Oktoba, 2024

Shugaban makaranta ya sa hannu a takardarmu, ɗakin da ke jikin laburare ya zama na ƙungiyar tarihi har ƙarshen Janairu. Baje koli muke son yi a kan makaman sojan ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaƙin da aka faro a 1939 aka kammala a 1945, daga Turai har tsibiran Fasifik, ba zai shiga ɗaki guda ba, don haka muka tsaya a fagen da mutanenmu suka fi zubar da gumi da jini, wato Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Kusan mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi aikin soja a wancan ɓangare na duniya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. A nan Zariya da wuya ka zaga unguwa uku ba ka sami gidan da aka ce kakansu ya je Bama ba.

Sharaɗi ɗaya shugaba ya gindaya. Ya ce, "Malam, kada in ga an sassaƙa abin da ya yi kama da bindiga a makarantar nan, ka san halin da ake ciki." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Gaskiyarsa ce kuwa. Shawarar da muka yanke ita ce a zana kowane makami a kan allon katako da ainihin tsawonsa, a ƙasansa kuma a ajiye buhun yashi mai daidai nauyinsa, duk wanda ya shigo ya ɗaga ya ji. Hoto kowa na iya gani a waya. Nauyi kuwa sai an ɗauka.

Ranar buɗewa 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya.

12 ga Oktoba

Allo na farko ya fito, na Lee-Enfield, bindigar da kowane kurtu ya fara riƙewa. Samfurin da muka zaɓa shi ne Lamba 1, wanda sojan Birtaniya suka karɓa tun 1907, aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi, aka kuma shiga na biyun da shi. A 1941 an fito da sabon samfuri, Lamba 4, amma masana'antar Ishapore da ke Indiya da ta Lithgow da ke Ostireliya sun ci gaba da ƙera tsohon, shi ya sa ya cika fagen Bama. Tsawonta santimita 113, nauyinta ya kusa kilo 4, harsashinta .303. In an ɗaura mata banati, ruwan wuƙar kaɗai santimita 43 ne. Da kafintanmu ya ja layin banatin a jikin allo sai da ya sake duba takardar, yana ganin ko awo ne ya kuɓuce.

Yaran sun fi son sanin yadda take aiki, don sun saba jin labarin bindigar da ake danna kunama ta yi ta zuba. Wannan ba haka take ba. Kowane harbi sai soja ya ɗaga sakata, ya ja ta baya kwanso ya fice, ya tura gaba sabon harsashi ya hau, ya kwantar da ita, sannan ya harba. Abin da ya fifita ta a kan takwarorinta biyu ne. Gidan harsashinta goma yake ci, ana cusa su biyar-biyar ta sama, alhali ta Jamus da ta Jafan biyar suke ci. Sannan mariƙin sakatar yana dab da kunama, ba ya buƙatar a ɗaga shi sosai, don haka hannu ba ya yin nisa, ido ma ba ya barin saiti. Sojan da ya horu ana sa ran ya yi harbi goma sha biyar a minti, kowanne da saiti.

Mai gadinmu, dattijo ne, ya leƙo ya ga zanen ya ce ai ya san ta, irinta 'yan sanda ke rataye wa lokacin yana saurayi. Bai yi kuskure ba, dangin bindigar sun daɗe a hannun 'yan sandan ƙasar nan bayan yaƙi.

Buhu na biyu a ƙarƙashin allon na harsashi hamsin ne, abin da soja ke ratayawa a jakar zane, kusan kilo ɗaya da rabi.

19 ga Oktoba

Bren, ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta. In da za a ce in zaɓi makami ɗaya da ya riƙe sojan ƙasa na Birtaniya a yaƙin nan, ita zan nuna. Asalinta ƙirar Chekoslobakiya ce daga garin Brno, Ingila ta karɓa ta gyara ta don ta ci harsashin .303, aka fara ƙera ta a Enfield a 1937. Nauyinta ya ɗan haura kilo 10, tana da ƙafafu biyu a gaba, gidan harsashinta lanƙwasasshe ne yana zaune a samanta. Saboda ya tare tsakiya, saitin sai aka karkatar da shi gefen hagu. Talatin yake ci, amma sojoji kan sa ashirin da takwas don kada ya cije. In bututun ya yi zafi, cikin daƙiƙoƙi ake murɗe shi a sa wani.

Abin da nake so masu kallo su gane shi ne tsarin da aka gina a kanta. Ƙaramin sashe na soja mutum goma ne, kofur ke jagora. Bren ɗaya suke da ita, mutum biyu ke aiki da ita, ɗaya na harbi ɗaya na canza gidan harsashi da bututu. Sauran masu Lee-Enfield kowa na ɗauke da gidajen harsashin Bren a aljihun ɗamararsa. Ashe manyan aljihunan nan biyu da ake gani a ƙirjin sojoji a tsofaffin hotuna don ita aka ɗinka su. Ma'ana mutum goma ne ke ciyar da bindiga ɗaya. In ta yi shiru, sashen ya mutu.

Malamin lissafi ya shigo cikin aikin yau, ya sa 'yan aji biyar suka buga: cikakken gidan harsashi kilo ɗaya da kwata ne, harbi mai sauri gida huɗu ne a minti, ke nan kilo biyar na narkewa kowane minti. Za mu rubuta wannan a jikin allon da manyan baƙaƙe.

Tela ya ɗinka buhunan da yadi mai kauri, ya sa musu hannu. Sikeli mun aro a wurin wani mai sayar da hatsi.

2 ga Nuwamba

Taswira. Mun shimfiɗa farin yadi a bango ɗaya, muka ja hanya da jan zare.

Kafin Bama akwai Gabashin Afirka, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Birged ta 23 ta Najeriya tana cikin waɗanda suka fatattaki Italiya daga Somaliya da Habasha. Sun shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu 1941, suka bi sahun Italiyawa da motoci har Jijiga da Harar cikin Maris, aka shiga Addis Ababa a farkon Afrilu. Wancan yaƙin fili ne da mota da ƙura.

Bama wani abu ne daban. Jafan ta kwace ta daga hannun Birtaniya a 1942, ta tsaya a bakin iyakar Indiya. A 1943 aka kafa runduna biyu a Afirka ta Yamma, ta 81 a watan Maris, ta 82 a watan Agusta. Ta 81 ta haɗa 'yan Najeriya da 'yan Gana, wadda lokacin ake kira Gold Coast, da 'yan Saliyo da Gambiya, a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner. Alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Da na nuna wa yara sai dariya, suka ce Gizo ya shiga soja, saura Ƙoƙi. Jirgin ruwa ya ɗauke su daga Legas, ya zaga ta Afirka ta Kudu ya sauke su a Bombay, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su zuwa gabas, har suka isa Chittagong.

Akwai wata fahimta da manyan hafsoshin Turawa suka tafi da ita, wai ɗan Afirka ɗan kurmi ne tun haihuwa, ba sai an koya masa yaƙin daji ba. Wanda aka ɗauko daga Katsina ko Gumel ko Argungu, ina ya taɓa ganin kurmin gora da rana ba ta ratsa shi? Mutumin fili ne, ya saba hango abu daga nesa. A can suka koya, da zazzaɓin sauro da atuni da matsattsaku.

Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun kafin yaƙin, har hafsoshin Turawa sai sun koya. Waɗanda aka bari a gida kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a garin nan a 1939, ita ke kawo musu labarin yadda ake ciki.

9 ga Nuwamba

Sten da gurneti, ba su ci mana lokaci ba. Sten bindigar gaggawa ce. Bayan Birtaniya ta baro tulin makamanta a Dunkirk da ke gabar Faransa a 1940, ta nemi abin da za a ƙera da arha a kowace ƙaramar masana'anta, sai aka fito da ita a 1941: bututu, ƙarfen dafa kafaɗa, gidan harsashi mai cin 32 yana fitowa ta gefen hagu. Kilo uku da 'yan kai, harsashi milimita 9. An ƙera wajen miliyan huɗu. Tana cijewa, kuma in ta faɗi ƙasa tana iya tashi da kanta, amma a kurmin da abokin gaba ke iya ɓullowa taku goma gabanka, ta fi doguwar bindiga amfani. Kofur-kofur da saje-saje aka fi ba.

Gurnetin Lamba 36 giram 765 ne. Da farko daƙiƙa bakwai yake yi kafin ya fashe, a 1940 aka rage zuwa huɗu, don an lura abokan gaba na samun sukunin kaucewa ko ma su jefo shi baya. Buhunsa ne mafi ƙanƙanta, kuma tun yanzu na ga shi yara za su fi wasa da shi. Sai mun ɗaure shi da igiya.

16 ga Nuwamba

Wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta zo da gwangwanin alewa, a ciki an naɗe abu da tsumma. Lambar yabo ce, tauraro mai tsini shida, tagullar ta yi duhu. A tsakiya akwai kambi da harufan Sarkin Ingila Joji na Shida. Ƙyallen da take rataye a jiki ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, ya kode har jan ya koma kamar ƙasa. Bayanta sumul, babu suna. Tauraron Bama ke nan. Na mahaifin kakanta ne.

Da la'asar na bi ta gida don in nemi izinin kakan. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ko ya taɓa faɗa muku irin bindigar da ya riƙe?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wace bindiga? Adda aka ba shi. Kaya ya ɗauka tun daga farko har ƙarshe." Ya faɗe ta a hankali, kamar mai ba da haƙuri, wai kada in ga ya ɓata mini lokaci.

Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Kwarin Kaladan da ke yankin Arakan a yammacin Bama, inda aka tura runduna ta 81 a ƙarshen 1943, ba shi da hanyar mota. Tsaunuka ne masu tsini da kurmin gora da rafuka. Rundunonin Indiya alfadarai ke ɗaukar musu kaya. Rundunonin Afirka ta Yamma mutane ke ɗauka. Kowace birged na da rukunin 'yan dako, sojoji ne masu kaki da lamba, amma akasarinsu ba su da bindiga, sai adda. Kowa na ɗora wa kansa kimanin kilo 18, ban da nasa kayan na kwana da abinci. Kusan jarkar ruwa mai lita ashirin ke nan, a hau dutse da ita a sauka, yau da gobe da jibi, cikin taɓo, ana kuma harbi. Alamar runduna ta 82 ma ta faɗi komai, mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Waɗanda suka zana ta sun san abin da ke tafiyar da rundunar.

Ga yadda abin ke tafiya. Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar da ita kacokan daga sama. Jiragen Dakota kan zo su zubo buhunan abinci da akwatunan harsashi, wasu da lema wasu haka nan. To jirgi ya zubo ya tafi, wa zai tattara? Wa zai kai wa mai Bren da ke kan tsauni? Wa zai sare gora a share filin da ƙaramin jirgi zai sauka ya ɗauki masu rauni? Wa zai ɗauko mai raunin a makara ya kawo shi filin? Mai adda da gammo. Da hannu rundunar ta fasa hanyar jif mai tsawon kusan kilomita 120 daga Chiringa zuwa Daletme. Kuma saboda kayansu a kan mutane yake, suna iya bin inda alfadari ba ya iya bi, su ɓullo wa Jafanawa ta inda ba su zata ba.

Mun koma wa lissafi. Igwar inci uku, wadda ke cilla bam sama ya faɗo a bayan tsauni, ta haura kilo 50, ana rarraba ta gida uku: bututu, ƙafafu, da farantin da take zama a kai. Kowane bam kilo huɗu da rabi. Ke nan ɗan dako ɗaya bam huɗu yake ɗauka. Igwar kuwa tana iya cinye goma ko fiye a minti guda. Wahalar mutum uku ta yini ɗaya, minti ɗaya ta tashi hayaƙi. Da yaron da ke rubutu a allo ya kai nan sai ajin ya yi tsit, can wani ya ce, "Malam, ashe ba mai harbin ke yaƙin ba."

Shi ma yana yi. Amma littattafan makamai da na gani, shafi ɗari a kan bututu da kunama, da ƙyar ka sami layi biyu a kan wanda ya kawo harsashin. Mun sauya tsarin ɗakin. Allon tsakiya, wanda mai shigowa zai fara cin karo da shi, ba na bindiga ba ne. Adda ce da gammo da buhu mai kilo 18. Baba ya yarda a ajiye lambar a akwatin gilashi kusa da shi, da sharaɗin jikarsa ce za ta riƙe mabuɗin.

30 ga Nuwamba

Makaman Jafan, bango na uku. Wasu yara sun ce don me za mu ɓata katako a kan na abokan gaba. Na ce wanda bai san abin da aka harbe kakansa da shi ba, rabin labari ya sani.

Arisaka, bindigar kurtun Jafan, iri biyu ce. Samfurin 38, na 1905, harsashi milimita 6.5, tsawonta santimita 128, ta fi Lee-Enfield tsawo sosai, ga banati mai santimita 40 a kai. Ƙaramin harsashinta ba ya fitar da wuta da hayaƙi da yawa a bakin bututu, shi ya sa maharbin da ya laɓe a kan itace ke da wuyar ganowa. Samfurin 99 ya zo a 1939 da harsashi mai milimita 7.7. Dukansu biyar suke ci, kuma a saman kowace an buga furen da ke alamta Sarkin Jafan. Ƙaramar bindigarsu mai sarrafa kanta, samfurin 96, ita ma gidan harsashinta a sama yake kamar Bren, har da wurin ɗaura banati, abin da ban ga amfaninsa ba a jikin bindiga mai kilo tara. Babbar kuwa, samfurin 92, da ƙafafunta ta kai kilo 55, ana zura mata sanduna a ɗauke ta kamar makara. Ba ta da saurin harbi, ƙararta ɗaya bayan ɗaya take fita, har sojojin Birtaniya suka laƙaba mata sunan tsuntsun nan mai ƙwaƙwafar itace.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ƙaramar igwarsu, samfurin 89. Kilo 4.7 kacal, mutum ɗaya ke ɗauka, tana jefa bam mai faɗin milimita 50 har fiye da mita 600. Gindinta lanƙwasasshe ne don a kafa shi a ƙasa ko a jikin gungume. Sojojin ƙawance da suka kama ta sun ɗauka a cinya ake ɗora ta, waɗanda suka gwada kuwa ƙashin cinyar ya karye. Ta fi igwar inci biyu ta Birtaniya nisa, wadda ke tsayawa wajen mita 450, kuma kowane ƙaramin rukunin sojan Jafan da ake kira filatun na da ita fiye da ɗaya.

Sai dai babban makamin Jafanawa a Arakan rami ne. Sukan haƙa shi a jikin tsauni, su rufe da gungume da ƙasa mai kauri, su bar 'yar kafa ta bakin bindiga, su dasa ciyawa a kai. Kowane rami wani ramin na kare shi. Harsashin Lee-Enfield ba ya yi masa komai, bam ɗin igwar inci uku ma sau da yawa haka. Sai an rarrafa an jefa gurneti ta kafar. Yara biyu sun ɗauki nauyin gina ɗan samfurinsa da yumɓu da kara.

7 ga Disamba

Barikin Chindit yana nan cikin Zariya, muna wucewa ta gabansa, amma da na tambayi ajin daga ina sunan ya fito babu wanda ya ɗaga hannu.

Chindit runduna ce ta musamman da Janar Orde Wingate ya kafa, ana sauke ta da jirgi can bayan layin Jafanawa ta datse musu hanya. Domin farmakin da aka fara 5 ga Maris 1944, an cire birged ta 3 daga runduna ta 81 aka ba shi, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya. Shi Wingate bai ga ƙarshen abin ba, jirginsa ya faɗi ranar 24 ga watan. 'Yan Najeriya sun tsare sansanin Chindit da aka laƙaba wa suna Aberdeen, sun kuma yi yaƙi a White City, sansanin da aka kafa kusa da Mawlu a kan titin jirgin ƙasan da ke zuwa Myitkyina, inda Jafanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare. A irin wannan tsaro ne bindiga mai ruwa, Vickers, ke nuna kanta. Jigidarta harsashi 250, rigar bututunta na cin ruwa lita huɗu da ɗoriya, muddin akwai ruwa da jigida ba ta gajiya. Da ruwanta kilo 18, ƙafafunta kuma wajen 23. Buhu biyu muka yi mata.

Mun buɗe sabon allo na sunayen barikoki, kowanne da zare zuwa wurinsa a taswira. Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da An da Tamandu da Myohaung a Legas, duk sunayen wurare ne a Bama. Mogadishu na Abuja da Marda na Legas daga yaƙin Gabashin Afirka suke. Gana ma na da Burma Camp a Akara. Myohaung, wanda yau ake kira Mrauk-U, tsohon birnin sarakunan Arakan ne, a nan runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu suka kori Jafanawa a ƙarshen Janairu 1945. Baje kolinmu zai zo daidai da cika shekara 80.

14 ga Disamba

Jarrabawa, ba a yi komai ba. Hunturu ya busar da yashin, buhun Bren ya ragu da kusan rabin kilo. Za a sake auna duka a ƙara, sannan tela ya rufe bakinsu gaba ɗaya.

28 ga Disamba

Hutu ne, amma 'yan kwamiti sun zo muka zauna a kan rubutun da zai bi kowane allo. Muhawara ta kaure a kan abu ɗaya: a rubuta zancen albashi da muƙami ko a bari?

Wani abokin aikina yana ganin ranar girmamawa ce, ba ranar tone-tone ba. Ni ban bi shi ba. Kurtun Najeriya sule ɗaya yake karɓa a rana, ƙasa da na takwaransa Bature nesa ba kusa ba, ga shi harsashi bai san fari ko baƙi ba. Hafsoshi kusan duka Turawa ne, ɗan ƙasa ya kai samanja ya tsaya. Seth Anthony na Gana, da ya zama hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Bama da runduna ta 81 har ya kai manjo, ana ambatonsa ne don irinsa ba su da yawa. Ɗaukar sojan ma ba ko'ina aka yi ta da son rai ba, a Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka bi, kuma in an ce gari ya kawo mutum kaza, sai ya kawo. Bayan haka, da Jafanawa suka kwace tsaunin Pagoda kusa da Kyauktaw a Maris 1944 har runduna ta 81 ta ja da baya, laifin ya daɗe yana bin sunanta a rubuce-rubucen Turawa, ba a cika tuna cewa birged biyu kawai gare ta ba, ta ukun tana wurin Wingate, ba a kuma cika tuna cewa ta koma kwarin a ƙarshen shekarar ta gama aikin ba. In muka ɓoye wannan, girmamawar ta zama ta baka.

An tsaya a kan za a rubuta, a taƙaice, ba zagi ba ƙari. Za a kuma sa hoton maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, inda aka zana sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu.

4 ga Janairu, 2025

Alluna tara sun kammala, an kafa su. Saura na igwar inci biyu, da na barikoki wanda fentinsa bai bushe ba. An sake auna buhuna an ɗinke. Gammo uku muka naɗa da tsumma, don wanda zai gwada kilo 18 ɗin ya ɗora a ka yadda ya kamata, kuma mun ja layi a ƙasa daga ƙofa zuwa taga, taku ashirin, ya je ya dawo. 'Yan aji ɗaya da biyu ba za su ɗauka ba, an yi musu na kilo biyar.

Tun da labarin lambar nan ya bazu, gidaje huɗu sun aiko cewa su ma suna da abin nunawa, ɗaya takardar sallama ce ta 1946, shekarar da runduna ta 82 ta dawo gida. Akwatin gilashinmu ɗaya ne, don haka ranar Litinin zan koma wurin shugaba a kan kuɗin na biyu, in kuma roƙe shi wasiƙar gayyata zuwa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Mai takardar sallamar ya ce ba zai bari ta kwana a makaranta ba, sai dai mu ɗauki hotonta, don haka ana neman wanda ke da waya mai kyamara mai kyau kafin Laraba.